Tarihin Agabba Ɗan Almubarak, Kakan Sarakunan Adar

 A yau za mu nufi ƙasar Adar da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, domin mu kawo muku tarihin Muhammadu Agabba ɗan Muhammadu Almubarak, wanda ya ci ƙasar Adar da yaƙi a shekarar 1674, ya yi sarautar Agadas shekara 34, sannan da aka tuɓe shi ya dawo Adar ya kafa gidan da har yau yake riƙe da sarautar Sarkin Adar a garin Illela. Tun da wuri bari mu bambance muku, don mun san da yawa daga cikinku in an ce Illela, kasuwar bakin iyaka ta jihar Sakkwato ce take faɗo muku a rai. Wadda muke nufi ita ce ta cikin Nijar, wadda take arewa da Birnin Ƙwanni, kudu da birnin Tawa.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan bawan Allah shi ne, gidan da ya fito yana cikin gidajen da jerin sarakunansu ya haura shekara 600 a rubuce, alhali yawancinmu in aka ce mu ambaci kakanninmu, da mun kai kan kakan mahaifinmu sai mu yi shiru. Tarihinsa zai nuna mana yadda ake riƙe asali har ya yi wannan tsawo, zai kuma nuna mana cewa ko a gidan sarauta akwai sashen asalin da takarda ta tabbatar, akwai kuma sashen da kirari ne kawai ya ɗauko shi.

Gidan da ya fito

Agabba ɗan gidan sarautar Agadas ne, babban birnin ƙasar Abzin. Kafin Abzinawa su mamaye waɗannan duwatsu, Gobirawa na cikin mutanen da ke zaune a can, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci haka a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812. Da ƙabilun Abzinawa suka yi yawa a ƙasar, sai rigima ta hana su sakat, kowace ƙabila ba ta yarda ta bi wata ba. Daga nan ne manyansu suka yanke shawarar su nemo wani daga waje wanda ba shi da ɓangare, su naɗa shi ya riƙa raba musu gardama, ya kuma tsare hanyoyin fatauci. Wanda aka naɗa shi ne Yunusa, a wajen shekarar 1405. Ya fara zama a wani wuri da ake kira Tadaliza, daga baya fadar ta koma Tin Shaman, kafin ta zauna a Agadas a zamanin Sarki Ilisawan, wajen tsakiyar ƙarni na 15.

Labarin da ya fi shahara a bakin jama'a shi ne, wai wakilan Abzinawa har birnin Santambul suka je, suka roƙi Sarkin Turkawa ya ba su ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Matansa na aure kowace ta hana ɗanta tafiya wannan ƙasa mai nisa, sai wata ƙwarƙwara ta yarda aka tafi da nata, wato Yunusa. Saboda wannan labari ne ake kiran zuriyar gidan da suna Istambulawa, a Agadas da kuma Adar.

Sai dai masana tarihi da suka auna labarin da shekaru sun ga bai zauna daidai ba. A shekarar 1405 birnin Santambul yana hannun Rumawa Kiristoci, Turkawa ba su ci shi ba sai a 1453, a ƙarƙashin Sarki Muhammadu Alfatih, wato shekara 48 bayan naɗin Yunusa. Hasali ma a lokacin da aka naɗa Yunusa gidan sarautar Turkawa a rikice yake, domin Timur ya kama sarkinsu Bayazid a yaƙin Ankara a 1402, 'ya'yansa kuma suna ta yaƙi da juna a kan gadon sarauta. Tsofaffin takardun Larabci na fadar Agadas kuwa wani gari suka ambata mai suna Agaram Sattafan a matsayin inda aka ɗauko sarkin, ma'anarsa Baƙin Birni da harshen Abzinawa, kuma masu bincike a cikin hamadar Sahara suke neman wannan gari.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin ƙasashenmu. Daurawa sun ce Bayajida daga Bagadaza ya fito, tsoffin sarakunan Barno sun jingina kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan na ƙasar Yaman, Gobirawa sun ce daga Masar suke, Toronkawa kuma suna kai asalinsu ga Uƙba ɗan Nafi'u. Kowane gida da ya sami mulki yakan so ya rataya asalinsa a wani wuri mai daraja a duniyar Musulunci, kuma a ƙarni na 16 da na 17 babu fadar Musulmi da ta kai ta Santambul suna. Abin da babu shakka a kansa shi ne fadar Agadas ta yi ƙarfi har an san da ita a nesa, domin a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Jalaluddini Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga Sarkin Agadas Muhammadu Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim Sura, Askiya Muhammadu na Songai kuma ya kawo wa birnin yaƙi a 1500 da 1515.

Ta wajen uwa ko ta wajen uba

Akwai wani abu a asalin wannan gida da zai ba iyayenmu mata sha'awa. A farkon sarautar Agadas, in sarki ya rasu, ɗan 'yar'uwarsa ko ɗan'uwansa da suke uwa ɗaya ne yake gadonsa, kamar yadda al'adar Abzinawa da yawa take. Shi kansa Yunusa ɗan 'yar'uwarsa ne ya gaje shi. Don haka tsofaffin takardun fadar sukan ambaci sarakunan farko tare da sunayen iyayensu mata, saboda ta nan ne haƙƙin sarauta yake biyowa. Sai a wajen ƙarni na 17 ne abin ya juya ya koma bin uba, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa.

Agabba ya zo duniya ne bayan wannan sauyi. Kakansa Yusufu ya yi sarauta daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa wajen 1625, mahaifinsa Muhammadu Almubarak kuma ya hau a 1654, ya yi shekara 33 a kan karaga. Sunan Agabba ma kansa asali ne a dunƙule, domin kalmar Ag a harshen Abzinawa tana nufin ɗan wane, kamar yadda mu muke cewa Ɗan Tani ko Ɗan Ladi. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa da ya yi sarautar Agadas daga baya an san shi da Ag A'isha, wato ɗan A'isha, wanda ke nuna cewa ko bayan sarauta ta koma bin uba, ba a daina kiran mutum da sunan mahaifiyarsa ba.

Adar kafin zuwansa

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, inda damina mai kyau take ba da gero da dawa da wake, kwarin kuma ya ba da auduga da kayan lambu. Mutanen farko da aka sani a cikinta Hausawa ne da ake kira Azna, kuma su ma suna da nasu labarin asali. Wasu ana ce musu Aznan ramu, saboda an ce kakanninsu a kogunan dutse suka fara zama, wasu kuma Aznan mahalba, waɗanda farauta ta kawo kakanninsu. Shi kansa birnin Tawa daga ƙauyuka biyu na Azna ya tashi, Bilbis da Fakawa, kuma har yau akwai unguwar Bilbis a cikin garin. Kowane gari da dattawansa masu riƙe da al'adun ƙasa, ba su da sarki ɗaya da ya haɗa su. Tun bayan da Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, da babban birninta a Surame, ƙasar Adar ta shiga ƙarƙashin ikon Kabawa.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane dalilin da ya sa Agadas ta sa ido a kan Adar. Duwatsun Abzin ba sa noma hatsin da zai ciyar da mutanensu, dole sai an kawo daga kudu. Ayarin raƙuma da ke zuwa Fashi da Balma ɗauko kantun gishiri da dabino, da gero yake sayensu. Fataken Gadamas da Tawat da ke sauka a Agadas kuma kasuwannin ƙasar Hausa suke nema, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin kudu ta Adar take ratsawa zuwa Kabi. Ke nan wanda ya riƙe Adar ya riƙe rumbun hatsi, ya kuma riƙe hanya. Fadar Agadas da fatauci take rayuwa, har tana da babban hakimi mai suna Sarkin Turawa wanda aikinsa kula da baƙin fatake da ayarin gishiri, kuma Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da wannan sarauta lokacin da ya ziyarci birnin a 1850.

Damar ta samu a shekarar 1674, daidai da 1085 bayan Hijira. A wannan shekara Zamfarawa suka karya rundunar Sarkin Kabi Sulaimanu, kuma a cikinta ne Almubarak ya ba ɗansa Agabba runduna, ya gangaro kudu ya ƙwace Adar daga hannun Kabawa. Daga nan ƙarfin Kabi ya riƙa ja da baya, har a farkon ƙarni na 18 aka bar Surame aka koma Birnin Kabi. Cikin waɗanda suka rako Agabba akwai wasu Abzinawa da ake kira Lisawan, su aka bar wa kula da ƙasar a madadin fadar Agadas. Babbansu yana da sarautar Amattakes, kuma zuriyarsu ce ta riƙe sarautar garin Keita. Don haka duk wanda ya ga yau akwai gidaje a Adar da Hausa ce harshensu amma suna cewa kakanninsu daga Abzin suka zo, to yawancin labarin daga wannan zamani ya faro.

Sarautarsa a Agadas

Agabba ya ci gaba da zama jagoran yaƙin mahaifinsa, ya kai wa Zamfara hari a 1685. Da Almubarak ya rasu a 1687 sai aka naɗa shi a madadinsa, kuma shekara biyu bayan nan ya gwabza da Gobirawa ya yi nasara. Sai dai sarautar Agadas sarauta ce mai wuyar riƙo. Sarkin ba shi da ƙabilar kansa da zai dogara da ita, manyan ƙabilu ne suke naɗa shi, kuma su suke tuɓe shi in sun ga dama. A zamaninsa manyan ƙabilu biyu, Kel Awai da Itesan, suka yi ta faɗa da juna a kan wa zai fi faɗa a ji a ƙasar, shi kuwa yana tsakiya, in ya karkata nan can su yi fushi. Duk da haka ya riƙe karagar shekara 34, abin da sarakunan Agadas kaɗan ne suka samu.

A shekarar 1721, bayan tsufa ya kama shi, ɗan'uwansa Muhammadu Al'amin ya ture shi daga sarauta. Shi ma Al'amin bai cika shekara a kai ba aka kawar da shi, aka shiga naɗi da tuɓewa, har sarautar ta faɗo hannun Ag A'isha ɗan Agabba bayan 'yan shekaru. Wannan na nuna mana cewa jini ɗaya bai hana 'yan'uwa saɓani ba, kuma yawan masu haƙƙi a gida ɗaya shi kansa abin rigima ne in ba a yi hattara ba, ko a sarauta ko a gadon rumfar kasuwa.

Komawarsa Adar da rasuwarsa

Da aka tuɓe shi, Agabba bai zauna a Agadas yana jiran abin da zai biyo baya ba. Ya tattara iyalinsa da mabiyansa ya nufi ƙasar da ya ci da yaƙi shekara 47 da suka wuce, ya zauna a Birnin Adar, ya zama Sarkin Adar. Ya yi kusan shekara 17 yana wannan sarauta, Allah Ya yi masa rasuwa a wajen 1738. In muka lissafa daga ranar da ya ja runduna zuwa Adar har rasuwarsa, shekara 64 ke nan, wanda ke nuna Allah Ya ba shi tsawon rai ƙwarai.

Daga wannan lokaci gidan Istambulawa ya rabu gida biyu, reshe ɗaya a Agadas, ɗaya a Adar. Na Adar suka auri matan ƙasar, suka haifi 'ya'yan da Hausa ce harshensu, suka ɗauki sarautu da al'adun fada irin na Hausawa, har suka zama Adarawa sosai. Daga baya fadar ta tashi daga Birnin Adar, a ƙarshe ta tabbata a Illela. Lisawan kuma suka zama cikin masu faɗa a ji wajen zaɓen sabon sarki.

Zuriyar Agabba ta sha gwagwarmaya. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, Sarkin Adar Almustafa ne a kan karaga, kuma ƙasar ta sami kanta tsakanin Gobir da jama'ar Shehu. A waɗannan shekaru ne wani malamin Abzinawa mai suna Muhammadu Jelani ya ɗaga tasa tutar ya mamaye Adar na ɗan lokaci, kafin Ibra tare da Kel Geres su karya shi. A sauran ƙarni na 19 Abzinawan Kel Dinnik na Azawak suka riƙa karɓar haraji a garuruwan arewacin Adar har da Tawa, Kel Geres kuma suka fi ƙarfi a kudu maso gabas, ikon Sarkin Adar ya ragu matuƙa. Adarawa da yawa suka yi ƙaura zuwa ƙasar Sakkwato, inda har yau akwai sarautar Sarkin Adar a Dundaye, kusa da birnin Sakkwato.

Sai kuma Turawa suka zo da nasu rabon. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda ta jefa kudancin Adar a ɓangaren Ingila, sannan aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906, yankin ya koma hannun Faransa. Faransawa suka mai da Tawa mazaunin mulkinsu, suka karkasa Adar zuwa sarautu da dama, Illela ta zama ɗaya daga cikinsu. Duk da wannan faɗi-tashi, sunan Sarkin Adar bai bar gidan Agabba ba.

Yadda aka riƙe asalin

Daga 1674 zuwa yau shekara 350 ke nan da 'yan kai. In muka ba kowane uba shekara 30 kafin ɗansa ya maye gurbinsa, tsakanin Agabba da jikokinsa na yau akwai kakanni 11 ko 12, in kuma aka koma kan Yunusa za su kai 20. Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba ta riƙe wannan. Abin da ya taimaki gidan shi ne, da farko, malaman fadar Agadas sun riƙa rubuta sunayen sarakuna da shekarun hawansu da na saukarsu da Larabci, kuma wani Bafaranshe mai suna Yves Urvoy ya fassara waɗannan takardu ya buga su a 1934. Sannan akwai maroƙa da makaɗan fada waɗanda sana'arsu ke nan su jero sunayen magabata a duk bikin Salla da naɗin sarauta, uba ya koya wa ɗa. Bayan haka kuma akwai abin da ake tsoron rasawa, domin wanda bai iya nuna ta inda ya haɗu da gidan ba, ba shi da bakin neman sarauta. Dokar sarautun gargajiya da Nijar ta yi a 1993, da wadda ta biyo bayanta a 2015, duk sun tanadi cewa mai neman sarauta sai ya kasance yana da haƙƙinta bisa al'ada.

A shekarar 1975 masanin tarihin nan ɗan Nijar, Farfesa Djibo Hamani, ya fitar da littafi a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, inda ya haɗa takardun Agadas da abin da dattawan garuruwa suka gaya masa, ya gwada wannan da wancan. A wannan shekara dai wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta fitar da nata littafin a kan tarihin talakawan Adar manoma, wanda ta gina a kan labaran asali da na kafuwar garuruwa da ta ji daga bakin dattawa. Aikinta ya nuna cewa talakawa ma suna riƙe da asalinsu, sai dai nasu a ka yake, in tsoho ya rasu ba a ɗauka ba ya tafi da shi.

'Yan kasuwa kuwa sun daɗe da sanin amfanin asali. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka shahara a fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja a ƙarni na 19, daga Abzinawa suke kai asalinsu, kuma wannan asali ne yake sa Ba'agale ya sami masauki da bashin kaya a garin da bai taɓa zuwa ba, don an san gidansu, an san inda za a bi in ya ci amana. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, daga Agalawa ya fito. Har yau haka abin yake a tsakanin Adarawa masu zuwa biɗa Abijan da Legas da Kamaru da Libiya. Yaro ya sauka a tasha, tambayar farko da za a yi masa ita ce daga wane gari, ɗan wane gida, kuma amsar da ya bayar ita za ta sama masa wurin kwana da jarin farko.

Matsalar da muke gani yanzu ita ce, akwai 'ya'yan Adarawa da jikokinsu da aka haifa a can, waɗanda ba su san komai game da Kalfu ko Barmu ko Tamaske ba sai suna. Ranar da mahaifi ya rasu aka zo rabon gona ko gida, ko aka zo neman aure aka tambayi asali, a nan ake gane abin da aka yi sakaci da shi. Maganin abin ba shi da tsada. Littafin rubutu ɗaya irin wanda muke rubuta bashi a ciki ya isa. A zauna da tsofaffin gida tun suna raye, a rubuta sunan kowane kaka da laƙabinsa da garin da ya zauna da sana'arsa, da dalilin da ya sa ya tashi in ya yi ƙaura. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa ɗan makaranta, ko ya naɗi muryar tsohon a waya. In tsoho bai san shekara ba, a tambaye shi wane sarki ne a kan gado, ko wace yunwa aka yi a lokacin, kamar yunwar 1913 zuwa 1914 ko farin 1973 da na 1984, daga nan ana iya ƙiyasta shekarun.

Kada kuma a tsaya a wajen uba kaɗai. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, in aka hau hawa goma sun kai 1,024, amma sunan mutum ɗaya tak daga cikinsu muke ɗauka mu ce shi ne asalinmu. Mun ga yadda a gidan su Agabba sarauta ta yi shekaru tana bin ta wajen uwa. A gidajenmu ma tsofaffin mata su suka fi sanin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wanda kuma shari'a ta hana aure a tsakaninsu, don haka iyayenmu mata na kasuwa ku ne kan gaba a wannan aiki.

Abu na ƙarshe, a rubuta abin da aka tabbatar daban, abin da aka ji a kirari daban. Gidan Agabba bai rasa darajarsa ba don masana sun nuna cewa labarin Santambul bai yi daidai da shekaru ba, saboda abin da aka tabbatar na tarihinsa ya ishe shi. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa ana neman sanin dangantaka ne domin a sada zumunci, an kuma yi hani mai tsanani ga mutum ya jingina kansa ga wanda ba mahaifinsa ba, ko ya wulaƙanta wani saboda asalinsa. Wanda ya binciko ya tarar kakansa maharbi ne, ko maƙeri, ko mai jan raƙuman wani, ya rubuta haka nan, domin da guminsu aka kafa garuruwan da sarakunan suka mulka.

Allah Ya jiƙan Agabba da sauran magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe zumunci, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Sai mun haɗu a fito na gaba in Allah Ya kai mu.